Yadda Malam Mamuda Ya Koya wa 'Yan Aji Uku Kallon Kura

Ina alwalar azahar a ƙofar gida sai ga Basiru ɗan acaɓa ya tsaya, ko babur bai kashe ba. Ya ce, "Malam Sule, Malam Mamuda ya cika." Na yi salati. Na ƙarasa wanke ƙafar da ta rage, na hau bayansa, muka nufi Yalwawa.

A zauren gidan muka tarar ana shawarar wanda za a aika kasuwa ya yanko likkafani. Sai Yaya Asabe, matarsa, ta aiko daga ciki cewa kada kowa ya wahala, likkafani yana cikin akwati tun kafin Malam ya yi ritaya. Ta ce har ya gwada shi. Ranar da ya kawo shi ya shimfiɗa a tsakar ɗaki, ya kwanta, ya sa ta rufa masa, sannan daga ciki ya ce, "Asabe, duba mini, yatsuna sun leƙo?" Sun leƙo. Ya mayar wa mai yadi aka ƙaro.

Mutane ga hawaye a ido, ga dariya ana ta haɗiye ta. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam Gwaji."

Ku da kuka san shi kun san inda sunan ya samo asali. Malam Mamuda ba ya yin komai sai ya gwada tukuna. Mun daɗe muna koyarwa a firamare ɗaya, shi aji uku, ni aji huɗu, bango ne kawai tsakaninmu. Ya girme ni, don haka duk gwajin da ya tashi, ni ne abin gwaji. Na yi masa mai duba makarantu. Na yi masa likita. Na taɓa yi masa surukinsa, na zauna a kan kujera ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kuma ban amsa da isasshen nauyi ba, a sake.

Wata shekara ana gab da babbar salla ya kira ni gindin dalbejiyar makaranta.

"Sule, gobe zan je kasuwar Shuwarin sayen rago. Kai ne mai rago."

"Ina ragon, Malam?"

"Ga shi nan." Ya nuna kekensa.

Ya zagaya keken, ya matsa sirdi, ya ɗaga fitila kamar mai duba haƙora. Ya taya, na ce albarka. Ya juya zai tafi, na kira shi, ya dawo, ya ƙara. Muka yi ta yi har ya fusata da gaske, ya ce bai taɓa sanin ni mutum ne mai son zuciya haka ba. Ni kuwa abin da ya ce in yi nake yi!

Washegari da yamma na gan shi yana dawowa da igiya a hannu, ba rago.

"Malam, lafiya?"

"Mutumin nan bai san aikinsa ba. Na taya, maimakon ya ce albarka, sai ya ce ya sallama."

"To, ai shi ke nan, sai ka biya ka kama ragonka."

"Ta yaya? Ni a wurin nan juyawa nake yi in tafi. Na juya, na tafi, bai kira ni ba."

Wannan shi ne mutumin da Allah ya haɗa da maganar rawar kura.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne wasu masu wasan gargajiya suka zo Dutse daga wajen Kano. Sun ɗauki wata tatsuniya sun mayar da ita rawa, ba magana ko ɗaya, sai kiɗa da motsin jiki. Za su yi wasan a ɗakin taron wata sakandare, kuma sun ba kowace firamare gurbin aji guda. Shugabansu ya zo da kansa. Hedimasta ba ya nan, sai ya tarar da Malam Mamuda, shi ya ba wa labarin tatsuniyar tun daga farko har ƙarshe don a shirya yara. Ban da shi ba wanda ya ji.

Hedimasta ya dawo ya ce ba inda za a. Lokaci ne da kowa yake taka tsantsan da duk abin da aka ce masa kiɗa ko rawa. Malam ya matsa, aka kai maganar taron iyayen yara. Shugaban iyaye a lokacin Alhaji Tanko ne mai sayar da hatsi, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba.

"Malam," in ji Alhaji Tanko, "rawa fa aka ce. A wannan lokacin."

"Alhaji, ba mutane ne za su yi rawar ba. Kura ce da akuya."

"Kurar ba mutum ba ne a ciki?"

"Mutum ne, amma namiji. Akuyar ma namiji ce, na tambaya. Har gemu gare ta."

Wani ya yi dariya a baya, Alhaji ya waiga, dariyar ta mutu. Malam ya gyara tsayuwa. A nan na ji ya yi maganar da ba wasa a cikinta. Ya ce yaran nan tun da aka haife su ba abin da aka taɓa shiryawa musamman don su zauna su kalla. In an tara su, ko dai maci za su yi a rana, ko su riƙe tuta a bakin titi wani ya wuce. Ya ce sau ɗaya dai a bar su su zama baƙin da aka gayyata.

Alhaji Tanko ya ce ya yarda, amma bisa sharaɗi. Maza gefe, mata gefe. Shi da kansa zai je. Idan ya ga yaro ɗaya ya taka rawa, ko kafaɗa ce ta motsa, to an rufe maganar fita kallo a makarantar nan har abada.

"Kafaɗa ma?" in ji Malam.

"Kafaɗa ma."

"To, sai an gwada."

Matsala ta farko daga kakanni ta fito. Malam ya shiga aji zai fara ba su labarin, sai Talatu, wata 'yar baƙa mai bakin tsiya da ke zama a bencin gaba, ta ɗaga hannu.

"Malam, kakata ta ce ba a tatsuniya da rana. Wanda ya ji zai ɓata a kasuwa."

Wani malamin da sai ya ce camfi ne, ya wuce. Malam Mamuda ya tsaya ya yi tunani, ya ce kakarta ta yi gaskiya, shi ma haka tasa ta faɗa masa. Ya sa aka rufe tagogi, aka toshe ramukan da tsumma, aka ja ƙofa. Ya fito da aci-balbal daga aljihun babbar riga ya kunna, ya ɗora a kan tebur.

"Yanzu wane lokaci ne?"

"Dare ne, Malam!"

Ana cikin haka hedimasta ya turo ƙofa don ya ga abin da ya sa aji uku ya yi duhu da hantsi. Yara suka miƙe gaba ɗaya: "Barka da dare, Hedimasta!" Bawan Allah ya dubi agogonsa, ya dubi waje, ya ja ƙofar a hankali ya tafi.

Ni ta bango na ji labarin, ni da 'yan ajina, don mun ajiye lissafi mun kasa kunne. Wata akuya ce ɗanta ya ɓata da rani. Ta tambayi jaki a bakin rijiya, bai gani ba. Ta tambayi zabi, suka yi ta surutu ba amsa. Sai ga kura ta ce ita ta san inda yake, akuya ta biyo ta. Suka wuce kuka, suka hau dutse, suka isa bakin wani kogo. Kura ta ce, "Shiga, yana ciki."

Malam ya hure fitila.

"Malam, sai me ya faru?"

"Sauran a can za ku gani. In na faɗa muku, me za ku je yi?"

Daga nan aka shiga darasin kallo. Wallahi ban taɓa sanin kallo abin koyo ba ne sai a wurinsa. An koyi zama. An koyi yadda ake tari a cikin mutane. An koyi tafi, wanda ba a fara shi sai Malam ya taɓa hularsa, ba a tsayawa sai ya sauke hannu. Dariya ma ya raba ta biyu, ta gida da ta shiga jama'a. Ta gida ita ce wadda ake faɗuwa ƙasa ana dukan na kusa. Ta shiga jama'a baki a rufe, sai dai hanci ya yi aiki. In ka wuce ta bayan aji uku a makon nan sai ka rantse tumaki ne ke mura.

Sai babban darasi, na kafaɗa. Malam ya je mahauta ya ɗauko mai kalangu, ya zaunar da shi a gaban allo. Ya ɗora wa kowane yaro littafin karatu a ka. Wanda nasa ya faɗo, ya yi rawa ke nan.

Mai kalangu ya saki kiɗa. Kai, jama'a! Kiɗan da ko gurgu ya ji sai ya gyara zama. Littattafai suka yi ta zuba kamar ana kaɗe mangwaro. Aka sake. Aka kuma sakewa. Kafin mako ya ƙare yaran nan sun zama kamar an dasa su, idanu kawai ke yawo. A rana ta ƙarshe Malam ya bi layi yana dubawa, ba littafi ɗaya a ƙasa. Sai Basiru, wannan dai da ya kawo mini labarin rasuwar, ya ce ba tare da ya motsa kai ba:

"Malam, akwai mai rawa."

"Waye?"

"A taga."

Muka duba. Hedimasta ne, ya zo leƙe, kafaɗarsa ta hagu tana hawa tana sauka, shi bai ma sani ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "shigo ka zauna, akwai sauran littafi."

Saura kura. Malam ya ce yaran da ba su taɓa ganin kura ba, in ta fito musu ba shiri za a yi abin kunya. Ya dube ni. Na ce a'a. Na ce ina da iyali, ina da mutunci a unguwa. Washegari ina cikin buhun gero, an yi masa ɗigo-ɗigo da gawayi, an ɗaura mini kunnuwan kwali, Yaya Asabe ta ba da tsohuwar tsintsiya aka yi wutsiya.

Shigata ta farko da rarrafe, aji ya watse. Wasu ta ƙofa, wasu ta taga, wani yaro sai a gidansu aka same shi a ƙarƙashin gado. Shiga ta biyu sun yi shawara a tsakaninsu. Ina sa kai sai ruwan silifa. Wani ɗan banza takalmin roba mai tauri ya sako, ya same ni a nan, bayan kunne.

Malam ya tsayar da su, ransa a ɓace.

"Kura a wurin wasa baƙuwa ce. Me ake yi wa baƙo?"

"Gaisuwa, Malam!"

"To, a sake."

Na sake shigowa ina ɗingishi. Suka miƙe: "Barka da zuwa, Malam Sule!" Malam ya ce ba haka ya so ba, amma ya fi jifa, a bar shi haka.

Ranar wasa suka zo fes, an sha wanki, an shafa mai har goshi yana ƙyalli. Muka jera su biyu-biyu har ɗakin taron, Alhaji Tanko yana biye da mu kamar mai rakiyar fursuna. Da isarmu Malam ya kwance wani ƙunshi da ya ɗauko a bayan keke. Zannuwan Yaya Asabe ne. Ya bi tagogin ɗakin taron yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masu wasa suka ce lafiya? Ya ce shi ba zai mayar wa mutane 'ya'yansu su riƙa ɓata a kasuwa ba. Suka ga dattijo ne, suka ƙyale shi. Ɗaki ya yi duhu, ya yi zafi, haske sai ɗan wanda ke kan dandali.

Aka saki ganguna. Akuya ta fito, wani siririn saurayi da fatar akuya a baya, yana tsalle yana waige yana neman ɗansa. Gaskiya sun iya. Jakin ya sa mutane dariya, zabin nan uku suka zo suna kaɗa kai tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Yaran sauran makarantu suna ihu, suna tafi, wasu sun hau benci suna rawa. Namu kuwa ko ƙifta ido da ƙyar. Ba tafi, ba dariya, sai ɗan huci ta hanci. Har masu ganga suka fara satar kallonsu, ko an kawo musu marasa lafiya ne.

Na duba in ga me ya hana Malam taɓa hula. Hular tana hannunsa. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan akuya, kafaɗunsa duka biyu suna aiki. Shi ma ashe bai taɓa ganin irin wannan ba. Kowa ya shirya, ya manta da kansa.

Sai kiɗa ya sauya, ya yi ƙasa. Kura ta fito. Wannan ba buhun gero ba ce. Ƙaton mutum ne, da kai na itace, haƙora farare, yana jan ƙafar baya yana lanƙwasa wuya.

'Yan aji uku suka miƙe tsaye kamar mutum ɗaya.

"Barka da zuwa, Malam Sule!"

Ɗaki ya fashe da dariya. Kura ta tsaya cak, ta rasa abin yi, sai ta ɗan rusuna ta amsa. Da a nan abin ya tsaya da mun ci riba. Wasa ya ci gaba, kura ta ja akuya, suka wuce kuka, suka hau dutse, ga bakin kogo an yi shi da baƙin yadi. A daidai nan Talatu ta waiga don ta ga ko Malam ya taɓa hula, idonta ya faɗa a kaina, ina zaune a ƙarshen benci ina fifita da hannu.

Ta dube ni. Ta dubi dandali. Ta sake dubana.

"Wayyo Allah! Ga Malam Sule nan a zaune! Wannan ta gaske ce!"

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi daki-daki ba, don duhu ne, albarkacin zannuwan Yaya Asabe. Yaran sauran makarantu, da ba wanda ya shirya su, suka yi ƙofa. Namu ba su gudu ba. An riga an cire musu gudu tun a gwaji. Na dai ji muryar Basiru yana cewa, "Za ta cinye ta! Ku taimaki akuya!" Sai silifa. Kura ta kare kai da hannu, ta yi baya, ta faɗa cikin kogon da kanta, kogon ya rufto mata. Masu ganga suka rungume gangunansu. Akuya tana kwance a dandali tana dariya har da hawaye, dariyar gida sosai.

Kafin a yaye zannuwa, a tattaro yara, a ba kura ruwa a ba ta haƙuri, an kira la'asar. Direban masu wasa ya ce shi ba zai yi dare a hanyar Kano ba. Suka kwashe kayansu.

Muka tsaya a waje muna jiran hukuncin Alhaji Tanko. Malam ya kasa ɗaga kai. Alhaji ya fito yana tafiya wani iri, ya tsaya a gabanmu, ya yi gyaran murya.

"Na ce kada yaro ya yi rawa. Ban ga yaronmu da ya yi rawa ba."

Sai a lokacin na lura takalmi ɗaya ne a ƙafarsa.

"Alhaji, ina ɗayan?" in ji Malam.

"Yana wajen kura. Ai ba a zuba ido ana zalunci."

Ba a rufe maganar fita kallo ba, Malam ya ci wannan. Sai dai masu wasan ba su sake zuwa ba. Shekarun da suka biyo baya irin waɗannan abubuwa sun yi sanyi, daga baya muka ji ƙungiyar ta watse. Yara suka yi ta binsa ya faɗa musu ƙarshen labarin. Ya ce abin gani ne, ba na faɗa ba, su yi haƙuri za a dawo. Kowace shekara sabon aji uku sai ya koyi zama da tafi da ɗaukar littafi a ka, ko da za a dawo ɗin. Ni ma sai da na ƙara shiga buhu ba sau ɗaya ba.

Yaran suka girma. Basiru ya sha ɗaukarsa kyauta har Kiyawa don ya sa shi magana a hanya, a banza. Talatu, da 'ya'yanta a baya da gaba, ta tare shi a wani suna ta ce, "Malam, don girman Allah, ta shiga kogon ko ba ta shiga ba?" Ya ce, "Ke da kika ɓata wasan ke ce mai tambaya?"

A makon da ya wuce na je duba shi. Ya rame ƙwarai, magana sai a hankali. Muka gaisa. Can ya ce, "Sule, mutanen nan ba za su dawo ba, ko?"

Na ce, "Da wuya, Malam."

Ya dubi taga. Sannan ya ce, "Rufe tagar."

Na rufe, na ja labule. Ya fara tun daga farko, don ya ce ba a shiga labari ta tsakiya. Ya yi muryar jaki. Ya yi ta zabi, tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Ya kai su kuka, ya hau da su dutse. Da suka isa bakin kogo ya tsaya yana numfashi.

"Ya isa. Wannan gwaji ne. Ka tara mini su ranar Juma'a bayan an sauko, Talatu da Basiru da duk wanda ka samu. Su ne da haƙƙi, ba zan ba ka kai kaɗai ba."

"Malam, ko a taƙaice..."

"Muryar kura ba ta fita yadda nake so. Kafin Juma'a zan gyara."

Na bi su gida-gida na faɗa musu. Ranar Laraba ya rasu. Ranar Juma'a bayan an sauko sun zo, kusan dukansu, manyan mutane da gemu da goyo. Maza suka zauna gefe a zaure, mata suka shiga ciki wurin Yaya Asabe. Ban taɓa ganin zaman ta'aziyya mai natsuwa irin wannan ba.

Allah ya ji ƙan Malam Mamuda, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, bawanka ya yi ta shiri iyakar iyawarsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka karɓe shi da rahama. Ka ba Yaya Asabe haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Na tambayi Yaya Asabe ko ya taɓa faɗa mata. Ta ce ita ma cewa ya yi ta jira. Har yau ba wanda ya san abin da ya sami akuyar a bakin kogon nan.